Lita nawa na ruwa zan sha don in tsare ƙodata?

"Assalamu alaikum likita. Ni magidanci ne ɗan shekara 44, ina zaune a Haɗeja, sana'ata buga bulo, wuni nake yi cikin rana. Yayana ya shekara guda yana zuwa wankin ƙoda, kuma likitocinsa sun hana shi shan ruwa da yawa, har auna masa ake yi a gora. Ni kuma an turo min saƙo a WhatsApp cewa duk mai son tsira daga ciwon ƙoda ya shanye lita biyu da asuba kafin ya ci komai, sannan ya cika lita shida kafin dare, wai haka ake wanke ƙoda. Abin ya ɗaure min kai. In ruwa magani ne, me ya sa aka hana mai ciwon? In kuma illa ne, me ya sa ake ce mana mu yawaita? Don Allah a gaya min lita nawa ya kamata in sha, domin tsoron abin da ya sami yayana ya hana ni sukuni."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya ba yayanka lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya kuma buɗa muku hanyar ɗaukar wannan nauyi, domin na san abin da wankin ƙoda yake yi wa aljihun gida da zukatan mutanen gida. Tsoron da kake ji yana kan hanya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma wanda ɗan'uwansa na jini ya kamu da ciwon ƙoda ya fi sauran mutane dalilin ya binciki kansa.

In na fahimce ka, kana son sanin adadin ruwan da ya dace da kai, da ko gaskiya ne yawan sha yana wanke ƙoda, da kuma abin da ya sa aka hana yayanka abin da ake kwaɗaita maka. Bari in fara da inda na tsaya, dalilai su biyo baya. Ƙoda mai lafiya tana bukatar ruwa isasshe, kuma rashinsa a kai a kai cikin zafin rana yana iya yi mata lahani na gaske, musamman ga mai sana'a irin taka. Amma abin da ya haura isasshe ba ya ƙara mata komai. Ita kuwa ƙodar da ta riga ta gaza, duk ruwan da ya wuce ƙima zama yake yi a jiki, har ya kai ga huhu. Likitocin yayanka suna kan daidai. Saƙon da aka turo maka kuma ya cakuɗa gaskiya kaɗan da kuskure mai haɗari.

Ƙoda ba tukunya ba ce

Na daɗe ina ganin cewa sunan da muka ba wa aikin nan, wato wankin ƙoda, yana cikin abubuwan da suke rikita mutane. Na'urar da ake ɗora yayanka a kanta ba ta taɓa ƙodarsa ko kaɗan. Jininsa take ja ta tace, ta cire datti da ruwan da ya taru, ta mayar masa. Jini ake wankewa, saboda ƙodar da ke wanke shi ta daina. Amma da yake kunne ya saba da jin "wanki", sai mutane suka ɗauka ƙoda wata tukunya ce da take yin tsatsa, ko kwata ce da take toshewa, in an kwarara mata ruwa da ƙarfi sai ta fita tas.

Ba haka aka halicce ta ba. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take bugowa ta cikinsu yake bi, kuma a kwana guda suna tace ruwan jini da ya kai lita 180. Ka duba wannan adadi, jarka tara ke nan mai cin lita ashirin-ashirin. Amma fitsarin da mutum yake yi a rana bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, domin ƙodar tana mayar da kusan kashi 99 cikin ɗari na abin da ta tace zuwa cikin jini. Wato in ka ƙara kofi huɗu ko biyar a kan abin da ka saba sha, ba ka ƙara wa wannan babban aikin tacewa wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da ka canza kawai shi ne kaurin fitsarin da zai fita.

Mai kula da wannan kauri wani sinadari ne da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda likitoci suke kira ADH. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, sai ya ƙaru, ya umarci ƙoda ta tsuke hannu, fitsari ya ragu ya yi duhu, a lokaci guda kuma ƙishirwa ta taso maka. In ruwa ya wadata, sai ya ja baya, fitsari ya yawaita ya yi haske. Ƙoda mai lafiya tana iya fitar da dattin yini guda a cikin fitsarin da bai fi rabin lita ba idan ta matsu, tana kuma iya zubar da lita masu yawa idan an cika ta. Amma kowane ɓangare yana da iyakarsa, kuma a bakin waɗannan iyakoki biyu ne ciwo yake jira.

Inda maganar kofi takwas ta samo asali

Za ka ji ana yawan cewa kofi takwas a rana. Masu bin diddigi suna danganta maganar da wata shawara da hukumar abinci da gina jiki ta Amurka ta bayar a 1945, cewa babban mutum yana bukatar kimanin lita biyu da rabi a rana. A cikin shawarar an ƙara da cewa yawancin wannan ruwa yana cikin abincin da ake ci, amma mutane suka riƙe rabin farko suka bar na biyu. A 2002 wani masanin aikin ƙoda mai suna Heinz Valtin ya bi rubuce-rubucen bincike yana neman hujjar wajabta kofi takwas ga kowa, bai samu ba. Daga baya, a 2004, cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta ce isasshen ruwa ga namiji kimanin lita 3.7 ne, mace kuma 2.7, ita kuwa hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai a 2010 ta ce lita 2.5 ga namiji, 2 ga mace. Duka alƙaluman nan sun haɗa da ruwan da ke cikin abinci, kuma an yi su ne don mutanen da ke zaune a yanayi matsakaici suna aiki matsakaici. Ba a auna su a kan mai dama siminti a Haɗeja cikin watan Afrilu ba.

Shi ya sa ba na son ba wa mutum lamba ɗaya in sallame shi. Amma tunda ka nemi adadi, ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina. A ranar da kake gida cikin inuwa, ko lokacin damina da sanyin hunturu, ledar ruwa huɗu zuwa biyar ta ishe ka, wato lita biyu zuwa biyu da rabi, tunda kowace leda rabin lita ce. Kokon safe, da kunu, da fura, da shayi, da miyar tuwo, da kankana, duk ruwa ne, jiki kuma lissafa su yake yi. Amma ranar da kake wurin aiki cikin bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, lissafi ya sauya gaba ɗaya. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da gumin lita ɗaya a awa guda, wani ma ya fi haka. Shawarar da hukumomin kare lafiyar ma'aikata a Amurka suke bayarwa ita ce kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, kada kuma a wuce kusan lita ɗaya da rabi a awa. A ma'auninmu, leda guda ke nan duk bayan minti 30 zuwa 40 muddin kana cikin aikin. In ka yi awa shida ko bakwai a haka, za ka ga ka kai lita biyar ko shida, kuma a irin wannan rana hakan daidai ne. Ka ga ke nan lita shidan da aka rubuto maka ba ƙarya ba ce ga kai a ranar aiki. Kuskuren shi ne mayar da ita doka ga kowa da kowa, har da tsohuwar da ke zaune a ɗaki da mai ciwon zuciya, da kuma cewa a ɗura lita biyu lokaci guda da asuba.

Ma'aunin da ya fi kowace gora gaskiya yana tare da kai, shi ne fitsarinka. In kana zagawa duk bayan awa uku ko huɗu, fitsarin kuma ruwan ɗorawa ne mai haske, to ruwan jikinka ya wadata. In ka wuni tun hantsi har la'asar ba ka ji fitsari ba, ko ka yi ɗan kaɗan mai duhu kamar shayin da ya ji ganye, to ana bin ka bashin ruwa, ko da ba ka jin ƙishirwa sosai. In kuma fari ne fat kamar ruwan randa kana ta zarya, ka sha fiye da bukata. Na farkon safiya dama yakan ɗan yi duhu, wannan ba komai. Wasu magunguna ma suna rina shi: ƙwayoyin bitamin B suna sa shi rawaya shar, maganin tarin fuka kuma yana sa shi ja-ja kamar lemo.

Abin da ya fi tayar min da hankali game da sana'arka

A nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Rashin ruwa na yini ɗaya ba ya kashe ƙodar mai lafiya. Abin da nake tsoro shi ne haɗuwar abubuwa uku da na sha gani tare: zafin rana, da aikin ƙarfi ba isasshen ruwa, da maganin gajiya.

Idan ruwa ya ragu a jiki, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa. Ƙodar tana da dabarar kare kanta, tana fitar da wasu sinadarai da ke buɗe jijiyoyinta don jini ya ci gaba da shiga. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da firoksikam aikinsu shi ne toshe waɗannan sinadarai, ta haka suke kashe raɗaɗi. Mutumin da ya wuni yana gumi, ya dawo da magariba jiki duk ya yi tsami, ya biya kemis aka haɗa masa ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙullin leda ya watsa, ya rufe wa ƙodarsa ƙofar da ta rage mata a daidai lokacin da ta fi bukatarta. Sau da yawa ma biyu daga cikin ƙwayoyin nan dangi ɗaya ne, suna kawai ya bambanta.

Ba na manta wani matashi ɗan dako da aka kawo mana cikin bazara. Ya kwana biyu yana lodin buhuna, amai ya kama shi, ya ci gaba da shan haɗin gajiya safe da yamma don kada aikin ya wuce shi. Ranar da 'yan'uwansa suka kawo shi, ya yi kusan kwana guda bai yi fitsari ba, gwajin jini kuma ya nuna ƙodar ta tsaya cak. Allah Ya taimake shi an zo da wuri. Muka tsayar da magungunan, aka yi masa ƙarin ruwa a hankali ana aunawa, bayan 'yan kwanaki fitsari ya dawo, ya tashi bai kai ga na'ura ba. Na yi murna ƙwarai, amma na gaya masa abin da zan gaya maka: ƙodar da ta taɓa irin wannan faɗuwa takan tashi da tabo, kuma tabo a kan tabo shi ne yake zama ciwon da ba ya warkewa.

Duniya ta ga wannan a fili a yankin Amurka ta Tsakiya. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado, dubban masu saran rake, maza masu ƙarfi waɗanda ba su da hawan jini ba su da ciwon suga, sun mutu da gazawar ƙoda. Kusa da garin Chichigalpa akwai wata unguwa da har aka laƙaba mata suna Tsibirin Zawarawa saboda yawan matan da suka rasa mazajensu. An ga makamancin haka a tsakanin manoman shinkafa a Siri Lanka da manoman yankin Uddanam na Indiya. Masu bincike suna duba magungunan feshi da ƙarafa masu guba a ruwan sha, amma a wurin masu saran raken, zafi da aikin ƙarfi su ne kan gaba a abin da ake zargi, kuma da aka tsara musu ruwa a kusa, da hutu a kan lokaci, da inuwa, raunin ƙoda a lokacin girbi ya ragu sosai. Mu ma muna da namu a kusa da ku, domin ka san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe, inda har yanzu ake kan binciken musabbabinsa. Darasin da na ɗauka daga masu raken nan shi ne ruwa kaɗai bai wadatar ba. Ka kafa rumfa a wurin aikinka, ka ajiye randa ko jarka a ƙarƙashinta inda hannu zai kai ba sai an yi tafiya ba, ku riƙa zama minti goma zuwa sha biyar duk awa idan rana ta take, a kuma tura aikin da ya fi nauyi zuwa sanyin safiya. In kana da yara a ƙarƙashinka, haƙƙinsu ne a wuyanka, kuma sabon yaron da jikinsa bai saba ba shi ya fi shiga haɗari a makonsa na farko. Kada ku wuni da ruwa zalla ciki ba abinci, domin gumi da gishiri yake fita, abincin rana ne yake mayar da shi. In jiki ya yi ciwo, farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda nesa ba kusa ba.

Inda ƙarin ruwa yake da hujja, da inda ba shi da ita

Akwai wurare biyu da bincike ya tabbatar da amfanin ƙara ruwa. Na farko tsakuwar ƙoda. Fitsari mai kauri kamar ruwan gishiri ne da aka bari a rana, in ruwan ya ƙafe sai gishirin ya daskare. A birnin Parma na Italiya an bi mutum 199 da suka taɓa yin tsakuwa har shekara biyar, aka fitar da sakamakon a 1996. Waɗanda aka sa su sha ruwan da zai sa fitsarinsu ya haura lita biyu a rana, kashi 12 cikin ɗari ne tsakuwar ta dawo musu, waɗanda aka bari yadda suka saba kuwa kashi 27. Saboda haka duk wanda ya taɓa ɗanɗana wannan azaba, muna ce masa ya sha abin da zai ba shi fitsarin lita biyu zuwa biyu da rabi, har da kofi guda kafin barci. Na biyu ciwon sanyin mafitsara mai yawan dawowa ga mata. A wani gwaji da aka yi a Bulgeriya aka wallafa a 2018, mata 140 da ba sa shan ruwa sosai aka raba gida biyu, waɗanda aka ƙara wa lita ɗaya da rabi a rana ciwon ya ragu musu da kusan rabi cikin shekara guda.

Amma a kan ciwon ƙoda mai daɗewa, labarin daban ne. A lardin Ontariyo na Kanada, Dakta William Clark da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 631 masu ciwon a mataki na uku, wato na tsakiya cikin matakansa biyar, suka riƙa ƙarfafa wa rabinsu gwiwar ƙara ruwa har shekara guda. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna wani bambanci mai ƙarfi ba a saurin lalacewar ƙodar tsakanin ɓangarorin biyu. Ni kaina na so a ce ya nuna, domin da mun sami magani mai arha da kowane talaka zai iya saye. Bai nuna ba, kuma amana ce in gaya maka haka.

Shi kuma ɗura ruwa da yawa lokaci guda yana da nasa haɗarin. Iyakar abin da ƙoda mai lafiya take iya fitarwa bai wuce kusan lita ɗaya a awa ba. In aka zarce haka alhali ba a zubar da shi ta gumi, ruwan yana tsinka gishirin jini, wato sodiyam, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145 a ma'aunin asibiti. In ya faɗi sosai, ruwa yana kutsawa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, sai ciwon kai, da amai, da ruɗewa, da farfaɗiya, wani lokaci har rasa rai. A gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston a 2002 an gwada jinin 'yan tsere 488, aka sami kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, babban dalili kuwa shi ne shan ruwa fiye da abin da suka zubar. Lita biyun asuba mai yiwuwa ba za ta kayar da ƙaƙƙarfa irinka ba, fitsarar da ita kawai za ka yi kafin ka isa wurin aiki, ka kuma shiga rana ba ka ajiye komai ba, domin jikin ɗan'adam ba shi da rumbun adana ruwa. Amma wannan saƙon yana shiga wayar tsofaffi, da masu shan ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari, da masu ciwon zuciya da na hanta. Su kam yana iya kai su gadon asibiti. Ina roƙonka kada ka tura shi gaba.

Yayanka

In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Ƙodar yayanka ta daina fitar da ruwa yadda ya kamata, don haka abin da ya sha yana nan a jikinsa har ranar da za a ɗora shi a na'ura. Kowace lita guda kilo guda ce a kan sikeli. Ruwan yana fara bayyana a ƙafafu da fuska, ya tayar da hawan jini, ya wahalar da zuciya, in ya yi yawa ya taru a huhu, mutum ya kasa kwanciya sai a zaune yana haki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a auna fitsarin da ya yi jiya, a ƙara masa kimanin rabin lita, wannan shi ne rabonsa na yau, amma adadin da likitansa ya yanka masa shi ne abin bi. Asalin tsarin wankin sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama, kuma na san da yawa daga cikin mutanenmu kuɗi ba ya kai su haka, sai sau ɗaya ko biyu. Duk wanda tazarar zamansa ta yi nisa, takatsantsan ɗinsa da ruwa dole ya fi tsanani.

Abin da iyali suka fi mantawa shi ne kunu da koko da shayi da romo duk suna cikin lissafin gorar nan. Na sha ganin matar gida ta kiyaye ruwa sarai, amma tausayi ya sa ta riƙa dama masa kunu kwano-kwano. Hanyar rage masa azabar ƙishirwa ita ce a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa a abincinsa, domin kanwa ma sodiyam ce, kuma gishiri shi ne yake kiran ruwa. Tsotsar ɗan ƙanƙara, da kurkure baki a zubar, da shan rabonsa a ƙaramin kofi kaɗan-kaɗan, duk suna taimakawa. Ku kuma tsare shi daga jiƙe-jiƙe da saiwoyin da masu zuwa dubiya suke kawowa da sunan wankin ƙoda. Da kyakkyawar niyya suke kawowa, amma jikin da ba ya iya fitar da guba ba wurin gwaji ba ne.

Game da azumi, tunda na san zai zo maka a rai: mai lafiya yana yin azuminsa ba tare da ƙodarsa ta cutu ba, in ya rarraba shansa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon ya ɗura shi duka gab da kiran assalatu, ya jinkirta sahur, ya kuma mayar da aikin bulo zuwa bayan asuba ko dare. Mai ciwon da ya yi nisa irin na yayanka kuwa sai da izinin likitansa, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara.

Abin da ruwa ba zai yi maka ba

Damuwata da irin waɗannan saƙonni ita ce suna sa mutum ya ji ya gama kare kansa alhali bai fara ba. Mafi yawan waɗanda nake gani sun kai ga na'ura ba ƙishirwa ce ta kai su ba. Hawan jini ne da aka yi shekaru ba a san da shi ba, ko aka sani aka daina shan magani da aka ji sauƙi, sai ciwon suga, sai kumburin matatan ƙodar kansu. A yankinku na fadama akwai kuma tsargiya, wadda in ta daɗe ba magani take ƙuntata hanyar fitsari, ga kuma sikila ga masu ita. Ciwon ƙoda ba ya yin sallama. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana buga bulonsa lafiya lau, kuma yawancin ciwon bayan da mutane suke kira ciwon ƙoda na tsoka ne da ƙashin baya.

Daga nan ba zan iya sanin halin da ƙodarka take ciki ba, haka duk wani likitan da bai gwada ka ba. Adadin da na ba ka na mai lafiya ne, in gwaji ya nuna wani abu, to likitan da ya gan ka shi zai sake maka lissafi. Don haka ka ware rana guda cikin makon nan ka je asibiti. A auna maka hawan jini, in ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a awo fiye da ɗaya, a fara kula da shi. A gwada sukarin jininka. A duba fitsarinka ko akwai furotin ko jini a ciki, wannan gwaji ne mai arha da ake yi da ɗan tsinken takarda. A kuma gwada sinadarin kiriyatinin a jini, wanda da shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. In lissafin ya tsaya ƙasa da 60 har tsawon wata uku, shi ne ake kira ciwon ƙoda mai daɗewa. Ka je gwajin a ranar da ka huta ka sha ruwa daidai, ba washegarin wunin aiki ba, don kada sakamakon ya ruɗe ku. In duk sun fita lafiya, ka riƙa maimaitawa shekara-shekara. In kuwa ka ga fitsarinka yana kumfar da ba ta kwanciya, ko jini a ciki, ko fuskarka ta kumbura da safe, ko kana yawan tashi fitsari da dare fiye da da, kada ka jira shekara ta zagayo.

Sannan in ka raka yayanka wankinsa na gaba, ka tambayi likitansa abin da ya jawo masa ciwon tun farko, ka gaya masa kai ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya in haka ne. Akwai wani nau'i da ƙoda take cika da ƙulle-ƙullen ruwa, wanda gado ne, kuma in ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. In shi ne, hoton ciki zai nuna, kuma sauran 'yan'uwanku ma sai a duba su. In kuma hawan jini ne ko suga, to ka san abin da za ka sa wa ido tun yanzu kana da shekara 44. Allah Ya ba shi sauƙi, kai kuma Ya tsare ka, Ya yi wa sana'arka albarka.